Saiwar da Musbahu Ya Dafa

Ranar Talata ce, ƙarshen watan Satumba. Tun hantsi zafi ya kwanta a kan Tamanrasset, can cikin saharar Aljeriya. Da la'asar hadari ya haɗu can bisa duwatsu, ya yi baƙi, ya ƙi zubowa. Iska ba ta motsi.

Musbahu ya rufe kantinsa da wuri. Mutumin Damagaram ne, shekara goma sha tara yana sayar da kayan miya a garin. Ba mai yawan magana ba ne. Gidansa ɗaki biyu ne da tsakar gida, daga shi sai matarsa Salima, sai autarsu Raihana mai shekara goma sha uku. Manyan 'ya'yan duk suna can Nijar.

A ɗakin zama akwai akwatin gilashi na kifi. Wani Balarabe maƙwabcinsu ne ya bar musu shi lokacin da aka mai da shi aiki arewa. Kifi shida ne a ciki. Biyar ƙanana ne jajaye, na shidan baƙi ne mai kama da ƙurungu, bakinsa a ƙasa. Shi ba ya yawo kamar sauran. Sai ya manne a jikin gilashi yana lasar gansakuka. Raihana ta sa masa suna Mai-shara.

Tsabtar Salima ce ta fara jawo maganar. Ta ga kore-kore a jikin gilashin da duwatsun ciki, ta ce ƙazanta ce. Ran nan Raihana tana lekkol, wato makaranta, Salima ta kwashe komai ta dirje da soso har yana ƙyalli. Ba ta san abincin Mai-shara ta wanke ba. Cikin sati biyu cikinsa ya lotsa, idanunsa suka faɗa. Raihana ta bincika a salula, ta zo ta durƙusa gaban ubanta.

"Baba, sun ce irin wannan kifin sai da icce a cikin ruwa. Yana gurzarsa da baki, shi ke gyara masa ciki. Amma tsohon icce. Kuma sai an dafa shi tukuna, saboda ƙwayoyin cuta."

"A dafa icce."

"Haka suka ce."

"Na bar Damagaram na keto sahara, ashe kukun kifi na zo yi."

Amma da safiyar wannan Talata, da ya je ƙauyen Utul ɗauko tumatir, sai ya zaga bayan lambuna. Akwai wani ruwa a can da ke kwance cikin kwarmin dutse, ba ya ƙafewa. A bakinsa ya ga wata tsohuwar saiwa, rabi a ruwa rabi a waje, baƙa, sumul, tsawonta kamar kamu ɗaya. Tana da kogo wanda dunƙulen hannu zai shiga. Ya ja, ta taho ba gardama. Ya jefa ta cikin kwandon tumatir.

Ita ce ya rufe kanti don ya dafa. Ya ɗora babbar tukunya kan gas a tsakar gida, ya zauna kan kujera yana kallo. Ruwan ya tafasa, ya koma ja kamar shayi, ya koma baƙi. Rana ta yi ƙasa. Inuwar katanga ta rufe gidan. Can sai ladan ya ɗaga murya.

Salima ta leƙo daga madafa. "Malam, bar shi ya huce. Magariba ta yi."

"In na bar shi, wa zai ɗauke?"

Ya tsamo saiwar da ludayi, ya ajiye. Ya kama kunnuwan tukunyar da tsumma, ya nufi magudanar da ke lungu kusa da bayi. Ya san abin da ake faɗa kafin a zubar da ruwan zafi. Kowane ɗan Hausa ya sani, shi uwarsa har dukansa ta taɓa yi a kan haka. Amma tururi ya ƙona masa yatsu daidai lokacin da ya karkata tukunyar, abin da ya fito bakinsa tsaki ne. Ruwan ya tafi gaba ɗaya.

Daga ƙarƙashin ƙasa wani kuka ya taso, siriri, gajere, kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Ya yanke.

Salima tana tsaye da muciya a hannu.

"Ka yi bisimilla?"

"Kyanwa ce."

"Ba mu da kyanwa, Malam."

Ya sa takalmansa ya tafi masallaci. Da ya dawo saiwar ta huce, Raihana ta riga ta sa ta a ruwa. Ta ce Mai-shara bai yi wata-wata ba, ya shige kogon kai tsaye.

Ranar Laraba da magariba aka fara jifa. Musbahu yana shigowa gida ya ji tas a kan rumfar kwano. Ya tsaya. Tas. Sai shiru, sai kuma tas. Ya ɗauka yaran maƙwabta ne, ya leƙa titi, ba kowa. Ɗaya ya faɗo gaban ƙafarsa, ya sunkuya ya ɗauka. Farar tsakuwa ce ƙarama, a jiƙe, da sanyi. Ya kai hanci. Ƙarnin ruwan kifi.

Ya shiga ɗaki. Murfin akwatin yana rufe yadda yake. Amma tsakuwar da ke ƙasan ruwan ta yi rami a gefe guda, kamar an sa hannu an ɗiba. Raihana tana zaune a gabansa, ta tanƙwashe ƙafa, goshinta ya kusa taɓa gilashi.

"Raihana."

Ba ta juyo ba.

"Ke, tashi ki yi salla."

Ta tashi a hankali, kamar mai tsoron tada wani daga barci.

Ranar Alhamis ba ta je lekkol ba. Ba ta ci komai ba, ruwa kawai take sha, kofi bayan kofi. Salima ta kamo hannunta ta nuna wa Musbahu. Yatsun sun yi fari, sun yamutse kamar na wadda ta wuni tana wanki, alhali ko alwala ba ta yi ba. Da rana ta faɗi aka ɗauke wuta. Injin da ke hura iska a ruwan ya tsaya, ɗakin ya yi tsit. Musbahu ya haska fitilar salula. Daga kogon saiwar kumfa na fitowa, ɗaya, sai a jima, sai ɗaya. Ya tsaya yana kallo har ya gane abin da yake gani. Haka numfashin mai barci yake tafiya.

Sai Raihana ta fara waƙa. Irin muryar da ake lallashin jariri ce, ƙasa-ƙasa, tana rangaji gaba da baya. Kalmomin ba Hausa ba ne, ba Larabci ba, ba Buzanci ba. A waje tsakuwa na sauka kan kwano ɗai-ɗai.

Salima ta kama gefen rigarsa. Tun da suka yi aure ba ta taɓa kama shi haka ba.

Da safen Juma'a suka kai ta likita. Aka auna, ba zazzaɓi, ba komai. Tana dawowa ta koma wurin zamanta.

Juma'a ce ranar da suka saba canja wa kifin ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu, da ruwan tanka wanda ya kwana a jarka. Bayan la'asar Musbahu ya ɗauko bokiti. Ya riga ya yanke abin da zai yi. Iccen nan ne ya shigo da abin, iccen zai fita. Ya ɗage murfi, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu.

Bai ga sadda Raihana ta motsa ba. Sai dai ya ji an damƙe masa wuyan hannu. Yarinyar da ba ta iya ɗaga jarka ita kaɗai, ya ja, ya kasa. Ta ɗago kai ta dube shi. Fuskar ta Raihana ce. Muryar ta tsohuwa ce, mai kauri, a shaƙe.

"Cire hannunka, mai tsaki."

Ya cire. Inda yatsunta suka kama ya yi ja, ya tashi kamar ƙuna. Ya fita gidan ko hula bai sa ba.

Malam Sha'ibu mutumin Agadas ne, tsoho, siriri, yana ɗinkin hula a bakin kasuwa, da yamma yana ba manya karatu. Ya saurari Musbahu bai ɗago daga ɗinkinsa ba. Tambaya biyu ya yi. Ina ka ɗauko iccen? Ina ka zubar da ruwan? Da ya ji amsa sai ya soke allura a jikin hular, ya ɗauki carbinsa.

"Kai da furfurarka, Musbahu."

"Na sani, Malam."

A tsakar gida suka yi sallar magariba. Tsakuwa na faɗowa dama da hagu, ba wadda ta taɓa su. Da suka sallame Malam ya ce a kawo ruwa a ƙwarya, ya shiga ɗakin ya zauna nesa kaɗan da yarinyar. Salima ta rufe mata kai da mayafi, ta koma bakin ƙofa. Hasken da ya rage a taga yana ƙarewa.

Malam ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi, yana tofawa a ƙwaryar. Kifaye biyar ɗin nan suka taru a kusurwa guda suka tsaya cak. Ya yayyafa wa Raihana ruwan. Jikinta ya ɗauki rawa tun daga kafaɗa, haƙoranta na haɗuwa. Ya ci gaba. Can ta buga tafin hannu a ƙasa.

"Ya isa. Kana tada min shi."

Malam ya tsaya. "Salamu alaikum."

"Wa alaika."

"Wace ce ke?"

"Ba sunana ya kawo ka ba."

"Musulma ce ke?"

"Ina jin kiran salla daga lambuna. Ina amsawa."

"To kin san abin da kike yi haramun ne. Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi ba." Hannun Raihana ya ɗaga, yatsa ya miƙe kan Musbahu. "Wancan. Tun kafin a dasa dabinon farko a wurin nan nake cikin saiwar. Ya zo ya tumɓuke mu, ni da ɗana, ko sallama babu. Na ce ɗan Adam ne, ba ya gani, na yi shiru. Ya ɗora mu a wuta. Na ɗauki yaro na fita, na nemi wuri mai laima na ɓuya. Bakin magudana. Na ce nan ba mai taɓa mu." Muryar ta tsaya, ta dawo a hankali. "Da ya ambaci sunan Allah, da na kauce. Kalma ɗaya. Na ji yana tahowa, na kasa kunne ina jira. Sai ya yi tsaki."

Musbahu ya zauna a ƙasa.

"Yaron yana raye?" in ji Malam.

"Na mai da shi cikin kogon saiwar. Bayansa duk ya saɓule. Ba ya iya fita, ni kuma ba na iya barinsa. Ina bukatar ido da zan dube shi da hannun da zan tsare shi. Na ɗauki na 'yarsa."

"Sai yaushe?"

"Sai ya warke. In bai warke ba, shi ke nan, na samu ɗiya."

Salima ta toshe bakinta da mayafi.

"Wannan ba za a yi ba," in ji Malam. "Faɗi wani."

"Baƙin bunsuru. A yanka a bakin magudanar."

"Ba a yanka don kowa sai Allah. Kin sani. Kada ki gwada ni."

Kan Raihana ya juya a hankali har idanun suka sauka kan ubanta. "To a ɗora tukunyar. Ya sa hannun da ya zuba, har gwiwar hannu. In na ji kukansa, na sake ta."

Musbahu ya miƙe. "Salima, kunna gas."

"Zauna," in ji Malam.

"Malam, hannu ne kawai."

"Na ce zauna. Da gaggawa ka ɓata, da gaggawa kake so ka gyara?" Ya juya ga yarinyar. "Ke kuma, in hannunsa ya saɓule, bayan ɗanki zai rufe? Uwa ce ke. Bar abin da zuciyarki ke so. Me yaron yake so?"

Kumfa ɗaya ta taso daga kogon, ta fashe a sama. Da muryar ta dawo, ta rage kauri.

"Ruwan gida. Wannan ruwan mataccen ruwa ne, ba ya jin dutse. A can akwai abin da zan sa masa."

"Za a mai da ku."

"Ba yadda aka kawo mu ba, cikin kwando kamar kayan miya. Cikin ruwa. Kada iska ta taɓa shi, kada rana ta gan shi, kada a girgiza. Fatar da ta fara fitowa ba ta kai ta albasa ba. Kuma shi zai ɗauka, ba ɗan aike ba."

"Ka ji?" in ji Malam.

"Na ji." Musbahu ya dubi fuskar 'yarsa, ya rasa inda zai sa ido. "Baiwar Allah, na cuce ki. Ban sani ba, amma na cuce ki. Ki yafe."

"Ka kai shi tukuna."

Malam ya ce, "Saura ki fita."

"Akwai abu ɗaya. Baƙin nan." Yatsa ya taɓa gilashi. "Duk gidan nan shi kaɗai ya yi mana alheri. Kwana uku yana lashe masa matacciyar fata, a hankali, bai taɓa ji masa ba. Da shi zan tafi."

Musbahu ya ji bakinsa ya buɗe kafin ya yi shawara. "Ba zai rayu ba." Malam ya harare shi, amma ya riga ya fara. "Kifin ruwan ɗumi ne. Nan ma da sanyi sai mun kunna masa abin ɗumama ruwa. In sanyi ya sauka a dutsen nan, kwana biyu ba zai yi ba."

Musbahu ya ce a ransa ya kashe 'yarsa da bakinsa.

"To a bar shi," in ji muryar. "Amma ku ba shi abinci. Yunwa yake ji. Ku mutane, kome kuka gani kore sai ku kankare."

Salima ta sunkuyar da kai.

"Ki yi alkawari da sunan Wanda ya halicce mu da ku," in ji Malam. "Ki fita, ba ki dawowa."

"Na yi. In ya isa da rai, ba ku ƙara jina. In ya mutu a hanya, ba alkawari tsakaninmu. Na san ƙofa."

"Ta ina za ki fita?"

"Ta inda na shiga. Ta yatsun da suka sa mu a ruwa."

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Hannayen Raihana suka miƙe gabanta, suka sandare. Ruwa ya fara ɗiga daga kan yatsunta, ɗis, ɗis, har ya jiƙa tabarma. Ta yi atishawa sau uku, ta kife. Salima ta tare ta.

Aka jima. Aka kira isha a masallacin unguwa. Sai yarinyar ta buɗe ido, ta dubi uwarta, ta dubi baƙon tsohon da ke zaune a ɗakinsu.

"Inna, yunwa nake ji. Me ya samu hannun Baba?"

A bakin ƙofa Malam ya ce wa Musbahu, "Ta fita daga yarinyar. Ba ta fita daga gidan ba. Tana nan gefen ruwan tana kallonka. Ka yi a hankali."

Washegari, ana sallame asuba, Musbahu ya wanke bokiti sau uku ba sabulu. Ya yi bisimilla da ƙarfi, har Salima ta ji daga madafa. Ya nutsa bokitin cikin akwatin, ya kwantar da shi a gefen saiwar. Mai-shara yana manne a bakin kogon. Bai ja shi ba. Ya yanko kokwamba, ya soke ta da cokali don ta nutse, ya ajiye can gefe, ya tsaya da hannu cikin ruwa yana jira. Hannun ya yi sanyi, ƙunar tana zugi. Gari ya fara haske. Can kifin ya saki, ya sulale ya hau kan kokwambar.

Da tafin hannu biyu ya tura saiwar cikin bokitin, a ƙarƙashin ruwa. Ya ɗago. Nauyin ya fi na ruwa da icce. Ya rufe bakin da baƙin zane, ya ɗaure.

Raihana tana barci, yatsunta sun koma daidai. Ya tsaya a kanta kaɗan, ya fita.

Issa, Buzun da ke kai shi ɗaukar tumatir, yana jira a ƙofar gida da tsohuwar motarsa. Ya ga Musbahu ya shiga ya zauna, ya ɗora bokiti kan cinya, ya rungume shi da hannu biyu.

"Yau kuma ruwa za mu kai wa masu lambu? Sa shi a baya mana, Bahaushe, zai jiƙa min kujera."

"A nan zai zauna."

Issa ya tada mota, ya taka. Tayar gaba ta faɗa wani rami, ruwan ya motsa. A ƙarƙashin zanen wani abu ya yi ƙara, siririya, gajeriya. Kujerar baya, inda ba kowa, ta yi ƙiƙ kamar an gyara zama.

Issa ya dubi madubi. Ya dubi bokitin. Ya ja rawaninsa ya rufe baki.

"Tafi a hankali," in ji Musbahu. "Akwai marar lafiya."